Bayan hutun hunturu: yaya ake dawo da karatu da motsa jiki cikin gida?

Maman Walid, Manchester:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina fatan an koma aiki da makaranta lafiya. Tun da yara suka koma makaranta a farkon watan Janairu nake ƙoƙarin dawo da gidana kan tsarinsa, amma abin ya ƙi daidaituwa, shi ya sa na kawo maganar nan don in ji yadda sauran gidaje suke yi. Hutun mako biyun nan ya wargaza mana komai: kwanciya barci ta koma sha ɗaya na dare, tashi ya koma bayan rana ta ɗaga, jakar littattafan da ƙaramin ya zo da ita ranar da aka ba da hutu tana rataye a bayan ƙofa yadda ya bar ta, ɗan littafin nan kuma da malamarsu take so iyaye su riƙa sa hannu a ciki duk ranar da yaro ya yi karatu a gida babu abin da aka rubuta a cikinsa tun tsakiyar Disamba. Tafiyar ƙafar da nake yi da yamma ita ma ta tsaya, domin a garin nan ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi, kafin in ɗauko su daga makaranta in shigo gida magariba ta gabato. Shin kuna mayar da komai rana guda ne, ko kuwa a hankali kuke bi? Kuma a ina kuke saka karatu da motsa jiki a cikin yinin da bai kai awa takwas ba?

Baban Ummi, Birmingham:
Wa alaikumus salam, Maman Walid. A ganina gajartar yinin da kike kuka da ita tana tafe da tata ribar, idan aka dubi dare. A wannan watan kafin ƙarfe shida da rabi an idar da sallar isha'i, wato daga nan zuwa lokacin kwanciyar yara akwai kusan awa biyu da babu salla a cikinsu, babu fita, babu baƙi, kuma irin wannan sarari ba ma samunsa a watan Yuni. Abin da muke yi a gidana shi ne, da an sallame isha'i kowa ya ɗauko abin karantawarsa mu zauna a falo ɗaya, yara su fara da karatun Alƙur'ani na ɗan lokaci sannan su koma littafin makaranta. Ban yarda da bi a hankali ba. Ranar da aka koma makaranta ranar nake karɓe wayoyi da na'urar wasan bidiyo, a yi kukan a gama, domin idan aka ce za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, sai hutun tsakiyar zango na Fabrairu ya riske ku ba ku gama ragewar ba.

Malam Habu, Glasgow:
Baban Ummi, na yarda da kai a kan cewa daren hunturu sarari ne, amma ina da ja a kan ɗaura karatun yara da lokacin isha'i. A Kano ko Zinder wannan dabara tana tafiya daidai, saboda lokutan salla ba sa yin nisa da inda suke duk shekara, magariba ba ta wuce tsakanin shida da bakwai da 'yan mintuna. Mu kuwa a nan, magaribar da ake kira kafin ƙarfe huɗu a ƙarshen Disamba ita ce ake kira bayan goma na dare a watan Yuni, kuma ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris ana tura agogo gaba da awa guda, sai komai ya tsallake a dare ɗaya. Yaron da ya saba cewa karatu yana bayan isha'i, idan bazara ta zo zai tarar isha'in ta koma lokacin da ya daɗe da yin barci, karatun kuma ya bi ta ya ɓace ba tare da kowa ya yanke shawarar dainawa ba. Saboda haka ni na ɗaura shi da abincin dare, wanda mu muke sa masa lokaci: ana kwashe kwanuka a goge teburi, sai a ɗora littattafai a inda kwanukan suka tashi.

Baban Ummi, Birmingham:
Wannan gyara ne mai ma'ana, Malam, sai dai maganar da ke gabanmu ta Janairu da Fabrairu ce. Idan bazara ta zo sai a sake shiri. Ga kuma azumi da zai kama a cikin Fabrairu, wanda shi ma dole zai juya tsarin kowane gida.

Anti Nas, Landan:
Ina so in tsoma baki, domin a ganina kun fara da karatu alhali matsalar Maman Walid barci ce. Yaron da ke tsakanin shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a dare, matashi kuma awa 8 zuwa 10. Wanda ya shafe mako biyu yana kwanciya sha ɗaya, idan aka tura shi gado ƙarfe takwas ba zai yi barci ba, zai kwanta ne yana juyi har lokacin da jikinsa ya saba, sannan a tashe shi ƙarfe bakwai gari bai waye ba. Da yamma kuma a ɗora masa littafi a gaba a ce ya cika kasala. Abin da ya fi aiki shi ne a tsayar da lokacin tashi kada ya motsa, har da Asabar da Lahadi, a kunna fitilu sosai da safe, sannan a riƙa jawo lokacin kwanciya baya da kamar minti goma sha biyar kowane dare. A kan karɓe wayoyi da daddare ina tare da Baban Ummi, wannan ana iya yinsa rana guda, amma barci ba ya bin umarni.

Sai maganar bitamin D, wadda nake maimaitawa a zauren nan duk shekara. Daga Oktoba zuwa Maris hasken rana a ƙasar nan ba shi da ƙarfin da fata za ta samar da shi, shi ya sa hukumar lafiya ta NHS take ba da shawarar manya da yaran da suka wuce shekara 4 su riƙa shan maikrogiram 10 a kullum a waɗannan watanni. Mu masu baƙar fata kuma shawarar ita ce mu sha duk shekara, haka ma matan da suke rufe yawancin jikinsu idan za su fita. Ba na cewa duk gajiyar Janairu daga nan take ba, amma wadda take fama da ciwon ƙashi da nauyin jiki ya kamata ta ga likita a yi mata gwajin jini maimakon ta ɗora wa kanta laifin lalaci.

Maman Walid, Manchester:
Na gode, Anti. Lallai lokacin tashi ne muke saki ranar Asabar, kuma na lura ranar Litinin ta fi kowace rana rigima da safe. To, motsa jikin fa?

Baban Ummi, Birmingham:
A kan motsa jiki, ni abin da ya riƙe ni shi ne gudun parkrun. Kowace Asabar da ƙarfe tara na safe ana taruwa a wuraren shaƙatawa a yi kilomita 5, kyauta ne, rajista sau ɗaya ake yi a intanet. An fara shi a Bushy Park da ke Landan a 2004, yanzu kuwa da wuya a sami babban gari a Birtaniya da babu shi. Ba dole sai an yi gudu ba, akwai masu tafiya da ƙafa har su gama, kuma akwai wani daga cikin masu aikin sa kai da yake bin bayan kowa don kada wani ya zama na ƙarshe. Wanda bai taɓa gudu ba yana iya somawa da shirin NHS na mako 9 da ake saukewa a waya, sau uku a mako, ana haɗa tafiya da ɗan gudu har jiki ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara kuma kimanin minti 60 a kullum, kuma idan aka raba 150 ɗin nan gida biyar rabin awa ne kawai.

Maman Hanan, Bradford:
Baban Ummi, ina da tambaya guda, kuma ba da nufin rashin kunya nake yinta ba: idan ka fita ƙarfe tara na safiyar Asabar, wa yake riƙe da yaran? Na san amsar, domin amsar ɗaya ce a yawancin gidajenmu. Ni aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, ina shigowa gida bayan takwas na safe, in shirya wanda bai shirya ba, in kwanta, in tashi kafin uku don ɗauko su, sannan ga girki ga wanki. A gida Najeriya da akwai ƙanwa ko 'yar riƙo ko maƙwabciya da za a ce ta duba yara na rabin awa, a nan kuwa daga ke sai mijinki, shi ma idan ba ya wurin aiki. Saboda haka idan ana lissafin minti 150, a fara da lissafin wanda zai ba wa mace waɗannan mintuna. Maza da yawa a zauren nan suna da rajistar gidan motsa jiki da ƙwallon ranar Lahadi, matansu kuwa motsa jikinsu bai wuce hawa da sauka a bene da kwandon wanki ba. Ba ina cewa ku daina ba ne, cewa nake a raba safiyar Asabar ɗin gida biyu, ko a yi mako-mako.

Baban Ummi, Birmingham:
Hajiya, maganarki ta shiga, kuma babu rashin kunya a cikinta. Abin da zan ƙara shi ne, akwai parkrun na yara da ake yi ranar Lahadi da safe, kilomita 2, ga 'yan shekara 4 zuwa 14, kuma idan uba ya kwashe su ya tafi da su can, uwa ta sami gidan ita kaɗai na fiye da awa guda, ko ta yi barci ko ta fita tata tafiyar.

Maman Hanan, Bradford:
Wannan ya fi. Amma a lura, idan ta zaɓi barcin kada a dawo a ce ba ta son motsa jiki.

Yaya Bala, Toronto:
Ina karanta ku ina murmushi, domin sanyin da kuke kira sanyi a Ingila mu nan ranar sauƙi ce. A watan Janairu akwai ranakun da ma'auni yake sauka ƙasa da digiri goma a ƙarƙashin sifili, ga iska, ga ƙanƙarar da ta daskare a gefen titi wadda takan kayar da mutum ya karye. Duk da haka mutanen garin ba sa zama. A tsakiyar birni akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa da ake kira PATH, tsawonta ya haura kilomita 30, tana haɗa manyan gine-gine da tashoshin jirgi, kuma manyan kantuna da yawa suna buɗe ƙofofinsu da sassafe tun kafin shaguna su fara ciniki, dattawa su shiga su yi ta zagaye. Ni a dogon bene nake zaune, don haka na daina hawa lif idan ba da kaya nake ba. Ga Maman Walid, shawarata ita ce ta daina jiran yamma. Yammar ta tafi sai Maris. Idan ta kai yara makaranta da safe, maimakon ta juyo kai tsaye ta bi doguwar hanya ta dawo, ta sami tafiyarta da ɗan hasken safiyar da Anti Nas take magana a kai a lokaci ɗaya, kuma ba ta buƙatar kowa ya riƙe mata yaro.

Malama Uwani, Leicester:
Bari in dawo da mu kan karatu, tunda a makarantar firamare nake aiki. Littafin sa hannun da Maman Walid ta ambata ba jarrabawa ba ce ga iyaye, kuma babu malamar da take tsammanin ganinsa a cike bayan hutun Disamba. Abin da muke nema minti goma ne a kullum, yaro ya karanta da murya, babba yana zaune kusa da shi yana saurare, idan ya tsaya a kalma a ba shi lokaci ya haɗa sautukan da kansa kafin a faɗa masa. Minti goma kullum sun fi awa guda ranar Lahadi da daddare ana faɗa. Kuskuren da nake yawan gani a gidajenmu shi ne mayar da karatun gida wani sabon aji: a zaunar da yaro, a tsare shi da tambayoyi, a yi masa tsawa idan ya yi kuskure, har ya zama da ya ga littafi sai gabansa ya faɗi. Katin laburare na gari kyauta ne ga yaro da babba. A kai shi ranar Asabar a bar shi ya zaɓa da kansa, ko da littafin ƙwallon ƙafa ne ko na zane-zane, domin wanda ya zaɓa shi zai buɗe ba tare da an ce ya buɗe ba.

Akwai kuma abin da na daɗe ina so in faɗa game da Hausa. A Ingila ana koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa, har ma a watan Yuni ana yi wa 'yan aji ɗaya gwaji na kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, don a tabbatar yaro yana haɗa sauti ne ba hadda ya yi ba. Yaron da ya iya wannan ya riga ya mallaki abin da yake buƙata don karanta Hausa, saboda rubutunmu yana bin furuci fiye da na Turanci nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne a nuna masa wasulan nan biyar yadda muke furta su, da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da irin su ts da c. Amma tunda ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali, yaron da ba ya jin Hausa a gida zai karanta layin daidai harafi-harafi, ya fito da abin da kakarsa ba za ta gane ba. Saboda haka sai an haɗa da saurare.

Kawu Sule, Kano:
Ni ina zauren nan ne saboda 'yata da jikokina da suke can, kuma Malama ta taɓo inda nake da abin cewa. Mu ma nan muna cikin namu hunturun, ƙura ta rufe gari, yara sun koma zango na biyu da leɓɓa a fashe, masu asma kuma ba sa fita da asuba. Abin da muka tsara da 'yata shi ne, sau biyu a mako bayan sun ci abincin dare sai ta kira ta WhatsApp, a wannan lokacin agogonmu yana gaban nasu da awa guda kawai, don haka bai yi dare ba. Kakarsu ta ce "ga ta nan ga ta nanku", su amsa "ta zo mu ji ta", ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har zuwa ƙurunƙus. Da farko babbar ce kawai take fahimta, ƙaramin yana kallon fuskar uwarsa don ta fassara masa, amma yanzu shi ne yake gyara wa kakar idan ta tsallake wani wuri. Wanda yake da tsoho a gida ya yi amfani da shi, su ma tsofaffin suna jin daɗin a neme su da wani abu ban da gaisuwa.

Malam Habu, Glasgow:
Allah ya ƙara girma, Kawu. Akwai gefen da duk muka kauce masa, wato karatun mu manya. Muna ta tsara wa yara minti goma, amma yaushe rabon da yaron ya ga ubansa riƙe da littafi? Abin da yake gani shi ne babba a kan kujera yana latsa waya, kuma ba shi da hanyar sanin ko labaran BBC Hausa ko Aminiya kake karantawa ko bidiyon barkwanci kake kallo. Shi ya sa a lokacin karatun gidana nake ajiye wayar a kicin in ɗauki littafi na takarda, ko shafi huɗu ne in karanta.

Maman Hanan, Bradford:
Malam, a nan ma sai an yi wa masu aikin dare uzuri. Ni idan na buɗe littafi na takarda, layi uku barci ya ɗauke ni. Karatuna a kunne yake: tafsiri da shirye-shiryen rediyo da littattafan da ake karantawa da murya, ina saurare a bas ko ina wanke-wanke. Ban yarda a ce wannan ba karatu ba ne.

Malam Habu, Glasgow:
Ban ce ba ilimi ba ne, Hajiya, kuma ga mai irin aikinki shi ne daidai. Magana nake a kan abin da idon yaro yake gani. Idan uwa ba ta da hali, to nauyin ya koma kan uban da yake gida da daddare, kamar yadda kika ce game da safiyar Asabar.

Anti Nas, Landan:
Kafin zancen ya rufe, akwai abu guda na zaman gida da yake da alaƙa da duk wannan. A watannin nan muna rufe tagogi, mu shanya wanki a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, mu dafa miya da tuwo na awanni, tururin duk ya tsaya a cikin gida. Da safe za a ga ruwa yana gangarowa a jikin gilashin taga, bayan 'yan makonni kuma baƙar fumfuna ta fito a kusurwar bango da bayan kabad, galibi a ɗakin da yara suke kwana. Wannan yana tayar da tari da asma, yaron da ya kwana yana tari kuwa ba zai yi karatu ko gudu washegari ba. A riƙa buɗe taga na ɗan lokaci kowace safiya ko da ana sanyi, a rufe tukunya, a kunna fankar kicin da ta banɗaki, a goge ruwan taga, a janye kabad daga jikin bango kaɗan, a kuma yi ƙoƙari ɗakin da ake zama kada ya gaza digiri 18. Na san kuɗin gas yana da nauyi, amma ɗumama ɗaki ɗaya da kowa zai taru a ciki ya fi a bar gidan duka da sanyi, kuma taruwar ma tana taimaka wa karatun. Masu zama a gidajen haya na ƙaramar hukuma ko na ƙungiyoyin gidaje a Ingila su sani cewa tun Oktoban 2025 akwai dokar da ake kira Dokar Awaab, wadda aka yi bayan rasuwar wani yaro ɗan shekara biyu a Rochdale a 2020 sanadiyyar fumfuna, kuma ta wajabta wa masu gidan su binciki irin wannan ƙorafi cikin ƙayyadadden lokaci. A kai ƙorafin a rubuce, a ɗauki hoto, a ajiye kwafi.

Maman Walid, Manchester:
Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Zan fara da lokacin tashi da tafiyar safe bayan na kai su makaranta, karatun kuma zan ɗaura shi da abincin dare kamar yadda Malam Habu ya ce, tunda mahaifinsu yana gida a lokacin kuma na nuna masa abin da Maman Hanan ta rubuta. Abin da ba ni da shi shi ne littattafan Hausa na yara, laburarenmu kuwa ban ga ko ɗaya a cikinsa ba. Idan akwai wanda zai taso daga Kano ko Zariya kafin azumi, don Allah ya yi mini magana ta gefe, zan aika da kuɗin a sayo mini na tatsuniyoyi masu manyan haruffa.

Kawu Sule, Kano:
'Yata, ba sai kin aiko da kuɗi ba. Zan leƙa wurin masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari in ga abin da ke akwai, ku dai ku nemo mai tafiyar, kuma ki gaya mini shekarun yaran don kada in sayo wanda ya fi ƙarfinsu.